Su Wa Ke Mulkin Duniya a Ɓoye?

Kafin a shiga wannan darasi a karanta Ishaya sura 7 da sura 8, da Ayyukan Manzanni sura 23.

'Yan'uwa, abin da ya sa muka ɗauki wannan magana a wannan wata, wani abu ne da ya faru a wata ekklesiya da mu ke kula da ita. Akwai wani ɗan'uwa a can mai sayar da hatsi, ya yi shekara ashirin yana bin kasuwannin ƙauye. Allah ya sa albarka, ya sayi babbar mota, ya kai ta wurin mai fenti, mai fenti kuwa ya zana ido a bayanta kamar yadda su kan zana zaki ko dabino. Ba a daɗe ba wani saurayi ya ga hoto a wayarsa, an ce ido alama ce ta wata ƙungiyar asiri mai suna Illuminati, wadda ta ke juya sarakunan duniya da bankuna, tana ba mutane dukiya a bakin jini. Da damina ta yi nisa ƙaramin ɗan wannan ɗan'uwa ya rasu da zazzaɓi. Kafin a share makoki magana ta gama gari, wai uban ne ya ba da yaron. Mata suka daina zuwa gidan matarsa. Waɗansu dattawa suka zo suna tambayarmu ko ya halatta ekklesiya ta karɓi zakkarsa. Mutum yana kukan ɗansa, 'yan'uwansa cikin Ubangiji suna lissafta shi mai kisan kai, shaidarsu kuwa hoton waya ce da fentin mota.

Sabo da haka kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne, ba ruwanmu. Ya riga ya shigo majami'a, ya zauna a kan benci tare da mu.

A zamanin Ahaz sarkin Yahuza, wajen shekara 735 kafin haihuwar Ubangijinmu, sarakuna biyu suka haɗa kai a kansa, watau Rezin na Suriya da Feka na Isra'ila. Nufinsu su ci Urushalima, su tuɓe gidan Dawuda, su naɗa wani nasu. Mu lura da kyau, wannan ƙulli na gaskiya ne, gama rundunarsu ta fito har ta kewaye birnin. Duk da haka Ubangiji ya aiki Ishaya ya gaya wa sarki ya natsu, domin waɗannan biyu ba su wuce guntayen itace da wutarsu ta kusa mutuwa ba. A sura 8 kuma Ubangiji ya ja wa annabin kansa kunne da ƙarfi, ya hana shi bin bakin jama'ar gari, waɗanda kome ya motsa sai su ce maƙarƙashiya ce. Ya hana shi ɗaukar firgitarsu ta zama tasa, ya nuna masa idan tsoro ne, Mai Runduna kaɗai ya isa a ji tsoronsa.

Ahaz bai ji ba. Ya kwashi azurfa da zinariya na Haikali ya aika wa Tiglat-filesa sarkin Assuriya, ya mai da kansa baransa domin ya cece shi. Dimashƙu ta faɗi a shekara 732, aka kashe Rezin, Feka ma bai daɗe ba aka kashe shi. Amma Ahaz ya riga ya sa wuyan ƙasarsa a karkiya. Har ya tafi Dimashƙu gaisuwa, ya ga wani bagade a can, ya sa aka gina irinsa cikin gidan Ubangiji. A zamanin ɗansa Hezekiya Assuriyawan nan suka zo suka ci biranen Yahuza masu garu. An gudu ba a tsira ba. Abin da tsoro ya sa Ahaz ya yi da hannunsa ya fi abin da Rezin da Feka suka iya yi masa muni ƙwarai.

To, wannan Illuminati da a ke ta faɗi, mene ne asalinta? Ba ƙarya ba ne an taɓa yin ta. Wani malamin shari'a a jami'ar Ingolstadt, a ƙasar Bavariya ta Jamus, mai suna Adam Weishaupt, shi ya kafa ta ran 1 ga Mayu, 1776, su biyar kaɗai. Yana jin haushin yadda limaman Katolika suka riƙe makarantu da gwamnati a ƙasarsa, yana so ya tara masu ilimi a ɓoye su sake al'amura. Suna kiran juna da sunayen aro, shi kansa ana ce da shi Spartacus. Ba mu yabe su ba, gama koyarwarsu ba ta bishara ba ce. Amma ko a lokacin ƙarfinsu ba su kai mutum dubu uku ba, rigima kuwa ba ta ƙare a tsakaninsu ba. Babban mataimakinsa, Knigge, ya yi faɗa da shi ya fita a 1784. A wannan shekara da mai bi mata sarkin Bavariya, Karl Theodor, ya hana ƙungiyar da doka. 'Yan sanda suka shiga gidan wani babbansu a 1786 suka kwashe takardunsu, gwamnati ta buga su a 1787 domin kowa ya karanta. Weishaupt ya rasa aikinsa, ya gudu zuwa Gotha, can ya mutu a 1830. Ƙungiyar da a ke cewa ta riƙe duniya duka a tafin hannu, sarkin ƙasa guda ya watsa ta kafin ta cika shekara goma.

Ƙaƙa fa matacciyar ƙungiya ta sami wannan suna? A 1789 talakawan Faransa suka tayar wa sarauta, a 1793 suka sare kan sarkinsu. Dalilai kuwa a fili su ke: bashi ya ci gwamnati, gurasa ta yi tsada, talaka na biyan haraji manya ba sa biya. Amma ya yi wa waɗansu wuya su yarda jama'a za su iya yin haka da kansu. A 1797 wani limamin Faransa, Barruel, da wani malami a Edinburgh, John Robison, kowannensu ya rubuta littafi yana cewa Illuminati ce ta shirya kome daga ɓoye. Littafin Robison ya ƙetare teku ya faɗa hannun wani fasto sananne, Jedidiah Morse. Ran 9 ga Mayu, 1798, ranar da shugaban Amurka ya sa domin azumi da addu'a, Morse ya hau mumbari a Boston ya ce Illuminati sun shigo ƙasar. Sauran fastoci suka ɗauka, wa'azi ya bi gari gari. Da aka matsa masa ya kawo shaida, sai ya fito da wata takarda ta wani ƙaramin taron Faransawa a Virginia, aka bincika ba a sami kome na Illuminati a ciki ba. Maganar ta mutu, shi kuwa ya sha kunya. Mu da mu ke hawan mumbari mu yi tunani a kan wannan mutum, gama mai ilimi ne, mai himma kuma, ba makaryaci ba. Ya karanta littafi guda, ya ji tsoro, ya yi wa'azi kafin ya bincika. Ɗansa Samuel shi ne ya ƙago wayar tangaraho daga baya, watau uba ya baza labari da baki, ɗa ya yi wa labari ƙafa.

Idon nan da a ke nunawa a kan dalar Amurka ba na Illuminati ba ne. Alamarsu mujiya ce. Ido cikin kusurwa uku tsohuwar alama ce da masu zane na Kirista a Turai su kan sa a majami'u tun kafin a haifi Weishaupt, ma'anarta Allah Uku-Cikin-Ɗaya yana ganin kome. An sa shi a hatimin Amurka a 1782, bai hau takardar dala ba sai 1935. Shekarar 1776 da ke ƙarƙashin hoton kuwa shekarar da Amurka ta shelanta 'yancin kanta ce daga Ingila.

Akwai wani labari da ya fi wannan ban kunya. Wani marubuci a Faransa mai kiran kansa Léo Taxil ya daɗe yana zagin ekklesiyar Katolika. A 1885 ya ce ya tuba. Ya shiga rubuta littattafai yana tona asirin ƙungiyar Freemason, wai a cikinta akwai wata ƙungiya ta can ciki masu yi wa Shaiɗan sujada ido da ido, wai wata mace, Diana Vaughan, ta tsere daga cikinsu tana ba da shaida. Limamai suka gaskata, aka yi ta yi wa Diana addu'a, Paparoma Leo na 13 ma ya karɓi Taxil a fadarsa. Ran 19 ga Afrilu, 1897, ya tara mutane a Paris da alkawarin zai nuna musu ita. Ya miƙe tsaye ya ce babu irin wannan mace, shi ya ƙaga labarin duka, ya yi shekara goma sha biyu yana musu dariya yana cin kuɗin littattafai. Har yau waɗansu abubuwan da ya ƙaga suna yawo cikin ƙananan littattafai na Kirista, masu bugawa ba su san bakin da suka fito ba. Wannan ba ya wanke Freemason a wurinmu. Mai bi ba shi da dalilin yin rantsuwar ɓoye a ko'ina. Amma ba mu da izini mu yaƙi abin da mu ke ƙi da ƙarya.

Mafi muni duka shi ne abin da aka yi wa Yahudawa. A 1903 wata jarida a Rasha ta buga wata takarda, wai rubutun taron asiri ne na dattawan Yahudawa inda suka shirya yadda za su mallaki duniya ta wurin kuɗi da jaridu da yaƙe-yaƙe. Aka juya ta cikin harsuna da yawa. Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya baza ta a Amurka cikin jaridarsa tun daga 1920. A watan Agusta 1921 wani wakilin jaridar Times ta London, Philip Graves, ya jera takardar gefe da gefe da wani tsohon littafi na 1864, wanda wani lauya Bafaranshe, Maurice Joly, ya rubuta yana zambon sarkinsu Napoleon na 3. Sai ga shi an kwashe maganganu ne daga can sala-sala, littafin Joly kuwa ba ya zancen Yahudawa sam. An ɗauki maganar da aka yi a kan sarkin Faransa aka sa a bakin Yahudawa. Ford ya nemi gafara a 1927. Wani alƙali a Bern ta ƙasar Suwizalan ya ce takardar jabu ce a 1935. Duk da haka Hitler ya riƙe ta, aka koya wa yaran makaranta a Jamus, kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an hallaka Yahudawa wajen miliyan shida. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya ne, amma a wannan karo an tone ramin tun 1921, mutane suka ci gaba da faɗawa ciki domin suna so. Wannan takarda har yanzu ana sayar da ita, kuma yawancin labaran da ke zuwa wayoyinmu a kan waɗansu iyalai masu bankuna da ke mulkin duniya, idan aka bi sawunsu, gidanta su ke komawa. An sake suna ne kawai.

Ya kamata mu masu bi mu fi kowa ƙyamar irin wannan zance, domin a kanmu aka fara gwada shi. Sa'ad da Roma ta ƙone a shekara 64, sarki Nero ya ɗora wa Kirista, aka ƙone waɗansu da rai. Da ya ke masu bi na farko suna taruwa a gidaje kafin gari ya waye, suna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa, suna maganar jiki da jini a Jibin Ubangiji, sai maƙwabtansu suka ce ƙungiyar asiri ce, suna yanka jarirai suna ci, suna lalata da danginsu a cikin duhu. Wajen shekara 112 wani gwamna, Pliny, ya bincika da kansa a Bitiniya, har ya sa aka azabtar da mata biyu masu hidima. Ya rubuta wa sarki Trajan cewa abin da ya samu shi ne suna raira waƙa ga Kristi, suna alkawari ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, abincinsu kuwa irin na kowa ne. A Lyon a shekara 177 aka sake wannan zargi, aka kashe masu bi da yawa, har da baiwar nan Blandina. Abin da aka faɗa a kan ɗan'uwanmu mai sayar da hatsi, shi ne daidai abin da arna suka faɗa a kan kakanninmu cikin bangaskiya.

Yanzu wani zai ce, “Malam, kana nufin ba a ƙulla makirci a duniya ke nan? Ai ruwa ba ya tsami banza.” Ana ƙullawa ƙwarai, Littafi kuwa bai ɓoye mana ba. Amma mu dubi kamannin makirci na gaskiya. A Ayyukan Manzanni 23 mutum fiye da arba'in suka yi rantsuwa ba ci ba sha sai sun kashe Bulus. Ba su ko kai ga kwanton ɓaunar ba ɗan 'yar'uwar Bulus ya ji, ya shiga ya faɗa masa, shugaban soja ya fitar da shi da dare zuwa Kaisariya. Mutum arba'in masu rantsuwa ba su iya riƙe asiri ba. A 1916 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a ɓoye yadda za su raba ƙasashen Larabawa, a 1917 sabuwar gwamnatin Rasha ta sami takardar ta buga. An kashe Patrice Lumumba na Kwango a Janairu 1961, majalisar Baljiyam ta bincika hannun gwamnatinsu a ciki a 2001, suka nemi gafara a 2002. A Italiya an yi wata ƙungiyar asiri ta ainihi mai suna P2, da ministoci da janar-janar da masu banki a ciki. A watan Maris 1981 masu bincike suka sami jerin sunaye 962 cikin takardun shugabanta, Licio Gelli, gwamnati ta faɗi cikin 'yan watanni, aka rushe ƙungiyar da doka. A ƙasarmu ma akwai ƙungiyoyin asiri masu rantsuwa da zub da jini, a makarantu da waje, muna kuwa wa'azi a kansu.

Dukan waɗannan suna da sunayen mutane, da rana, da wuri, da takarda ko mai shaida. Abin da su ke nema ƙanƙane ne, a kashe mutum guda, ko a ci ƙasa guda. Suna faɗa da juna, suna cin amanar juna, ƙarshe kuwa zancen duniya ba ya ɓuya. Wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin majami'a ya san wahalar haɗa kan mutum bakwai a kan launin fenti. Sa'an nan a ce mana dubban mutane masu girman kai da son kuɗi, daga Amurka da Rasha da Sin, sun yi shekara ɗari biyu da hamsin baki ɗaya, ba wanda ya yi fushi ya fita da takarda, ba wanda ya tuba a gadon mutuwa? Wanda ya gaskata wannan ya ɗauki zuciyar ɗan Adam da kyau fiye da yadda Littafi ya ɗauke ta, gama zunubi ba ya haɗa kan masu yinsa na dogon lokaci.

Gaskiya ne manyan duniya su kan taru su rufe ƙofa. Taron da a ke kira Bilderberg ya soma a 1954 a wani masauki mai wannan suna a ƙasar Holan, ana kuwa buga sunayen masu zuwa. Masu kuɗi suna da bakin magana a wurin masu mulki fiye da talaka, wannan kuwa abin a yi ƙara ne. Amma annabawa ba su aike mu neman zalunci a cikin kogo ba. Amos ya nuna shi a kasuwa, wurin mudun da aka rage da ma'aunin da aka karkata. Yaƙub a sura 5 ya nuna shi a gona, wurin hakkin masu girbi da aka hana. Mu faɗi gaskiya, ya fi sauƙi mu zagi waɗansu mutane marasa fuska a ƙetaren teku da mu tambayi ina kuɗin rijiyar ƙauyenmu ya shiga, domin wanda ya ci shi muna gaisawa da shi kowace Lahadi.

Mun riga mun ga abin da irin wannan tsoro ya ke jawowa a ƙasarmu. A 2003 magana ta bazu a Arewa, wai ɗigon rigakafin shan-inna dabara ce ta manyan duniya domin a hana 'ya'yanmu haihuwa. Mutane suna da dalilin yin zato, gama a 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani a kan yara 200, goma sha ɗaya suka mutu, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ko da ya ke kamfanin bai amsa laifi ba. Wannan abu ne mai suna da rana da takardun kotu. Amma ɗigon shan-inna wani abu ne dabam. Kano ta dakatar da shi har Yuli 2004, cutar ta ƙaru, ta ƙetare zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunisiya. A Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Da aka dage da ɗigon, ba a ƙara samun asalin ƙwayar cutar a Nijeriya ba bayan 2016, aka shaida Afirka ta rabu da ita a Agusta 2020. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan tare da mu, manya ne yanzu. Kada mu ce wannan na maƙwabtanmu ne kaɗai. A 2020 a majami'unmu ne aka yi ta cewa turakun waya na 5G ke kawo cutar korona, alhali cutar ta shigo Legas a Fabrairu 2020, 5G kuwa ba ta fara aiki ga jama'a a ƙasar nan ba sai 2022.

A kan Ru'ya ta Yohanna kuma sai mu yi hankali. Mun gaskata Ubangiji zai dawo, mun gaskata akwai magabcin Kristi, Yohanna ma ya ce tun a zamaninsa irinsu da yawa sun fito. Amma sa'ad da Kasuwar Tarayyar Turai ta cika ƙasa goma a 1981, masu wa'azi da yawa suka ce ga ƙahoni goma sun cika. A 1986 ta zama goma sha biyu, yau ashirin da bakwai ce, ba mu kuwa ji wanda ya hau mumbari ya ce ya yi kuskure ba. Kubawar Shari'a 18 ta ba mu ma'auni mai sauƙi a kan mai faɗin abin da bai cika ba. Bulus kuma ya gargaɗi Tassalunikawa kada wata wasiƙa da aka liƙa wa sunansa ta girgiza su a kan ranar Ubangiji. Takardar jabu a hannun masu bi ba sabon abu ba ne.

Me ya sa zuciyarmu ta ke son waɗannan labarai? Muna tsammani abu biyu ne. Na ɗaya, wahala marar dalili tana da nauyin ɗauka. Idan yaro ya mutu, ko kuɗi ya lalace a hannu, ya fi daɗi a ce wani ne ya shirya, domin a sami wanda za a ƙi. Na biyu, akwai daɗin zama mai sanin abin da sauran mutane ba su sani ba, wannan kuwa girman kai ne ko da ya sa rigar ibada. Bangaskiyarmu ba ta ɓoye ba ce. Ubangijinmu ya gaya wa babban firist a fili ya yi koyarwarsa, Bulus ya tuna wa sarki Agaribas cewa ba a lungu aka yi waɗannan al'amura ba, Luka kuwa ya ce ya bi diddigin kome wurin waɗanda suka gani da ido kafin ya rubuta. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Wanda ya ce waɗansu mutane kaɗan su ke naɗa kowane sarki, su ke kawo kowace annoba, ba abin da ke kuɓuce musu, ya ba 'yan Adam abin da Daniyel ya ce na Maɗaukaki ne kaɗai. Nebukadnezzar sai da ya ci ciyawa kafin ya koyi wannan. Zabura ta 2 ta nuna sarakuna suna ƙulle-ƙullensu, ba ta kuwa nuna Mai zama a sama yana rawar jiki ba.

Idan labari ya zo wayarka, ɗan'uwa, tambayi wa ya gani da idonsa, a ina, a wace rana. Shari'ar Musa ba ta yarda a kama mutum da bakin mai shaida ɗaya ba, ta kuma umarta a bincika sosai kafin a hukunta gari, balle saƙon da ba a san wanda ya rubuta ba. Tambayi kuma, wane abu ne idan ya bayyana zai nuna labarin ƙarya ne? Idan aka ce rashin shaida shi ne shaidar ƙwarewarsu wajen ɓoyewa, wanda ya yi musu kuma an saye shi, to, an ba ka tulu marar gindi, kome ka zuba ba zai cika ba. Ka tuna Fitowa 23 ta hana baza labarin ƙarya, ba ƙaga shi kaɗai ba. Yatsan da ya tura saƙo ga mutum hamsin ya yi shaida sau hamsin. Sanballat ya aika wa Nehemiya buɗaɗɗiyar wasiƙa cike da an ce an ce, domin hannun magina ya yi sanyi. Nehemiya ya amsa a gajarce cewa ƙage ne, ya koma bakin aiki, garu ya ƙare cikin kwana 52.

Game da ɗan'uwanmu mai hatsi, mun tara dattawa muka aika aka kira mai fentin. Ya ce ya zana irin wannan ido a motoci fiye da yadda zai iya tunawa, domin direbobi suna so. Muka duba katin asibitin yaron, zazzaɓin cizon sauro ne, an kuwa kai shi a makare domin gada ta karye. Dattawa biyu suka tafi gidansa suka roƙi gafara, saurayin nan kuma ya tsaya gaban jama'a ran Lahadi ya janye maganarsa. Ɗan'uwan ya ce ya yafe. Ya sa an shafe idon da baƙin fenti, ko da ya ke mun gaya masa ba lalle ba ne. Matarsa ba ta koma zumuntar mata ba tukuna, muna roƙo ku riƙa tunawa da ita cikin addu'a.